Ragowar Takin Mangwaro

Can da, a wani ƙauye, an yi wata yarinya wai ita Tasalla. Dashen gwaiba gare ta guda ɗaya tak, ko gwiwarta bai kai ba. Ran nan kakanta ya gama sa wa mangwarorinsa taki, ya ba ta ragowar a ƙwarya.

Yayanta Jatau ya ce, "Juye shi duka a gindi, ki ci gwaiba bana!"

Har ta karkata ƙwaryar, sai ta tsaya. Ta ce, "Yaya, jariri ake ɗura wa tuwon manya? Kaka ya ce da ƙananan saiwoyi bishiya take ci, kuma sai ruwa ya narkar mata."

Ta ɗan matsa daga gindin, ta tona, ta barbaɗa kaɗan, ta rufe, ta ba da ruwa. Jatau ya yi tsaki, ya fizge sauran, ya juye a gindin dashen gwandarsa.

Ba a daɗe ba gwanda ta ƙone ƙurmus, gwaiba kuwa ta yi sabon toho.

Jatau ya sosa ƙeya, ya ce, "Tasalla, a ina ma kika ce ake tonawa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa fartanya.