Littafin da Amarya Ta Ɗauka

Ranar kasuwar Funtua ce, a kakar audugar 1964, Sanda ya tsaya a shagon Baba Segun yana neman kwalbar fitila. Morenike, 'yar mai shagon, ta miƙo masa, shi kuwa ya saki baki yana kallonta. Bayarabiya ce haifaffiyar Funtua, Hausa a bakinta radau.

"Malam, kwalba ka zo saye ko kallo?"

"Ki yi haƙuri. Tamu ce ta fashe, kuma da ita nake karanta wa mutanenmu Littafi Mai Tsarki."

Ƙauyensu yana can gefen Malumfashi. Maguzawa ne da ba su daɗe da karɓar bishara ba, kuma Sanda kaɗai ya iya karatu a cikinsu. Daga ranar, fitilar ƙauyen ta koyi fasa kwalba duk mako, kuma kullum iska ake ɗora wa laifi.

"Manomina," in ji Morenike wata rana, "me kake ji in kana karanta musu?"

"Tsoro, Nike tawa. Mutane ne suka riƙe alƙalami, amma Allah ne ya hura musu maganar. Da na buɗe baki sai in ji ba mu kaɗai ne a wurin ba."

Tsigar jikinta ta tashi. A nan ta san ta kamu.

Da Sanda ya nemi aurenta, Baba Segun ya ce sam. Shi Marcellinus yake so ta aura, akawun kamfanin auduga mai sabon keke.

"Mutanen da jiya-jiya suka bar tsafi?" ya ce wa matarsa Folasade. "Ni maganar Allah da na sani, a Yarabanci da Turanci take. Wannan ta Hausa, wa ya san abin da aka zuba a ciki?"

Morenike ta rame, uwar ta yi ta ban baki, har dai ya ce su kawo kaya. Amma ya yi gargaɗi: in suka ba shi kunya a gaban jama'a, magana ta mutu.

Al'adar su Baba Segun ita ce a baje kayan aure a tsakar gida, a ce amarya ta ɗauki abin da ya fi daraja. Amarya kan tsallake zannuwa da doya ta ɗauki Littafi Mai Tsarki, fari, sabo fil. An gaya wa Sanda ya sa Littafin a cikin kaya, amma ba wanda ya tuna ya ce masa sabo. Shi da mutanensa kuwa suka ji an ce mafi daraja, sai suka naɗo guda ɗayan da ƙauyen ya mallaka.

Da aka kwance ƙyallen, sai ga tsohon Littafi. Bangon ya yage, hayaƙi ya rina shafukan. Marcellinus, wanda ya zo ganin ƙwaf, ya tuntsire da dariya.

"Wannan tsumman kuka kawo wa 'yata?" in ji Baba Segun.

Sanda ya sunkuyar da kai. Sai Morenike ta taso, ta durƙusa, ta ɗauki Littafin da hannu biyu. Ya buɗe da kansa a inda aka fi yawan buɗe shi, zaburar nan da ke cewa Ubangiji makiyayina ne, ta fara karantawa a hankali.

Inno, mahaifiyar Sanda, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta lumshe ido ta kama bi da ka. Sauran 'yan ƙauyen suka ɗauka. Can sai aka ji wata murya tana tafe tare da su da Yarabanci, layi bayan layi, ba tuntuɓe. Baba Segun ne. Da wannan zaburar uwarsa take lallashinsa yana yaro, kuma bai ma san bakinsa na motsi ba.

Haka suka kai ƙarshe tare. Tsoro mai daɗi ya sauko a gidan, har Marcellinus ya cire hularsa.

"Ita ce, maganar Allah ce," in ji Baba Segun, hawaye na bin gemunsa. "Wanda ya yi wa uwata magana, shi ne ya yi muku. Ku gafarce ni." Ya shafa bangon da ya yage. "Ɗana, kuna da wani a gida?"

"Shi kaɗai ke gare mu, Baba."

"To kun ba da shi, da me za ku yi karatu?"

Inno ta gyara zama. "Ai amarya za ta dawo mana da shi."

Baba Segun ya yi dariya cikin kuka, ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a na Sanda.

"Ku tafi da su duka biyun, amarya da Littafin, ku riƙe mini su da kyau. Allah ya yi muku albarka."

Kafin ruwan farko ya sauka aka ɗaura auren a cocin Funtua, ana amin da Hausa, ana amin da Yarabanci.