Ƙwayoyin da Dimeji Ya Zubar

"Baban Tiwa, waɗannan na mene ne?"

Alhaja Sikiratu ce tsaye a tsakiyar falon ɗanta a Iseyin, riƙe da kwalin magani da ta zaro daga jakar surukarta. Ɗan nata, Dimeji, ya gane kwalin nan take. Wata biyu ke nan da aka yi wa matarsa Morenike tiyata, aka cire mata gidajen ƙwai duka biyu saboda ƙari. Shi ya hana a faɗa wa kowa, ya ce wa mahaifiyarsa afendis ne, don kullum maganarta ɗaya: yaushe za a yi wa 'yarsu Tiwa ƙane?

"Na hana haihuwa ne, ko? Na sani! 'Ya ɗaya tal, an rufe shago!"

Morenike ta durƙusa tana kallon mijinta, tana jira ya buɗe baki. Shi kuwa sai ya karɓi kwalin, ya juye a shara.

"Shi ke nan, Mama, ta daina."

Daga baya ya ce wa Morenike zai sayo wani a ɓoye, amma Alhaja ta tare a gidan, har lefen Morenike bincikewa take. Kwanaki suka zama watanni.

Daga nan abubuwa suka sauya. Morenike, malamar da ke riƙe sunayen ɗalibai sittin a ka, sai ta tsaya tsakiyar magana tana laluben kalma. Zufa ta karyo mata ko ana ruwa. Ta sa gishiri sau biyu a miyar ewedu.

Ranar sunan ɗan wan Dimeji, matan gida suka fito yi wa jariri kirarin zuri'a. Shekara tara Morenike ke ja musu gaba. Ta ɗaga murya, ta yi baiti biyu — sai ɗif! Sunan kakan gidan ya ɓace mata.

"Kai! Ta manta wanda ya haifi mijinta!" wata gwaggo ta ce, aka kwashe da dariya.

"Ni dai na faɗa, ƙwaƙwalwarta ta taɓu," in ji Alhaja. "A mayar da ita gidansu kafin ta shafa wa jikata."

Dimeji ya sunkuyar da kai. Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne, shi ma ya yi 'yar dariya, don kada a ce yana tsoron mace.

Morenike ta shige ɗaki. Washegari ta haɗa kayanta, hawaye na ɗiga kan zannuwan.

"Sori, Nike, don Allah mu je asibiti tukuna," in ji Dimeji.

Likitar da ta yi mata tiyata ta saurare su, ta cire tabarau.

"Ina ƙwayoyin da na rubuta?"

Morenike ta dubi mijinta.

"Malam, gidajen ƙwai ba na haihuwa ba ne kawai. Sinadarin da suke fitarwa har ƙwaƙwalwa na amfani da shi, wajen barci da tuna kalma. An yanke mata shi rana ɗaya, shi muke mayar mata da ƙwayoyin nan. Hankalinta lafiya lau. Wa ya hana ta sha?"

"Ni ne, Dokta." Dimeji ne ya amsa.

Da suka koma, gwaggonnin ba su watse ba. Dimeji ya kwanta rub-da-ciki gaban mahaifiyarsa, irin ladabin Yarbawa, a idon kowa.

"Mama, ba afendis ba ne. Ƙarya na yi. Nike ba za ta ƙara haihuwa ba, kuma maganin lafiyarta na zubar don ina jin kunyar faɗa miki. In akwai mai taɓin hankali a gidan nan, ni ne. Kuma ba inda za ta!"

Alhaja ta ƙura wa ɗanta ido. Can ta dubi surukarta.

"Wata huɗu ina zaginki, kina rufa wa wannan asiri?"

"Mijina ne, Mama."

Tsohuwar ta ja bakin gyale ta rufe fuska.

Sauƙi bai zo rana ɗaya ba, har yanzu kalma kan kuɓuce mata jefi-jefi. Amma ta koma aji, kuma duk safiya Alhaja ce ke miƙo mata ruwa da ƙwaya, tana cewa, "Shanye a gabana, 'yata."

Haƙurin Morenike ya tsare mata gidanta. Dimeji kuwa ya gane cewa ciwon mace ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne miji ya bar ta ita kaɗai da shi.