Takabar Sadiyatu

Tun ranar da aka kai mijinta makwanci, Sadiyatu take zaune ita kaɗai a ɗakin ƙurya a Ƙofar Kware. Marainiya ce, ba uwa ba uba, ba mai leƙo ta sai Dijatu, yayar marigayin, wadda ke dangwarar mata da kwanon tuwo ta juya. A cikin takabar nan ne, tana wanka, hannunta ya taɓo wani ƙullutu mai tauri a nononta na hagu, ba ya ko ciwo... Ta tuna ta taɓa jin wata likita a rediyo tana cewa irin wannan ba a zama da shi.

"Yaya, ina son in tahi asibiti a duba ni," ta ce wa Dijatu.

"Asibiti kan abin da bai ciwo? Ke dai ki ce hita kike so! Ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, kin ƙosa maza su gan ki!"

Wayyo Sadiyatu! Ta kifa kai bisa sallaya tana kuka. "Ya Allah, Kai ne gatana..." Washegari ta zura hijabi ta fita. Kafin ta dawo Dijatu ta zagaye unguwa da cewa Sadiyatu ta karya takaba. Mata suka daina amsa gaisuwarta, aka ware mata kofi da kwano, ta kwanta asibiti ba mai jinya. Ciwon daji ne, amma likita ta ce ta zo da wuri. Aka yi aiki, ta sha wuyar magani, ta miƙe. Da labarin ya kai ga Malam Badaru, limamin unguwar, ya faɗa a wa'azi cewa takaba ba ta hana neman lafiya, an zalunci baiwar Allah. Masu zaginta suka riƙa zuwa ban haƙuri.

Wata safiya Sadiyatu ta koma asibiti a duba ta, sai ga Dijatu bisa benci ita kaɗai, ta rame, kowa ya guje ta.

"Sadiyatu..." Dijatu ta fashe da kuka. "Nawa ƙullutun ya riga naki hitowa, ganye nike ɗaura mishi. Tsoro na ji ki tahi a kira sunan ciwon. Yanzu sun ce na makara. Ki yahe mini!"

Hawaye suka zubo wa Sadiyatu. Ta gyara hijabinta a hankali.

"Matsa in zauna, Yaya. Ba a jiran likita mutum shi kaɗai."