Zanen da Hamida Ta Goge

Ranar da Hamida ta fara ganin Malam Zayyanu ko sallama ba ta yi masa ba. Takalmi ta sa ta murje zanen da ya yi a filin makarantar Badarawa.

Sabon malamin lissafi ne daga Ƙauran Namoda, yana koyar da darasin set, wato tara abubuwa masu siffa ɗaya a rukuni guda. Ya ja manyan da'irori biyu a ƙasa, bakin ɗaya ya shiga cikin ɗayar. Ya ce wanda ake noma a gidansu ya tsaya nan, wanda ake kiwo ya tsaya can. Bawan Allah, ya manta a yankin nan irin wannan rabon ya ci rayuka.

Hamida, malamar Hausa, ta fito daga aji kamar an jefo ta.

"Mi kaka yi haka? Ɗiyan mutane kaka warewa?"

"Ban ƙare ba, Malama. Akwai kira na uku."

"Ka je ka ƙare shi a Ƙaura."

Da yamma ta kai wa mahaifinta, Alhaji Labbo, shugaban iyayen yara, har da ƙarin gishiri. Gari ya ɗauka cewa baƙon malami yana tantance 'ya'yan makiyaya. Aka sa ranar zaman da za a nemi a ɗauke shi.

Sai ga saƙon Zayyanu a wayarta: "Malama Goge-goge, kin ɓata mini suna a kan darasin da ba ki ji ƙarshensa ba."

Ta mayar: "Malam Da'ira, haɗa kayanka. Kuma wa ya ba ka lambata?"

Haka suka riƙa yi kullum, ba mai raga wa wani. Sai dai duk ranar da saƙonsa bai shigo ba, Hamida takan yi ta duba waya har ta ji haushin kanta.

Ana gobe zama ya rubuto: "Kira na uku shi ne, wanda ake noma kuma ake kiwo a gidansu ya tsaya a tsakiya, inda da'irorin suka haɗu. Nan nake son yaran su ga yawansu."

Kunya ta kama ta. Ta je ta faɗa wa mahaifinta ta yi kuskure, sai ya kalle ta sama da ƙasa.

"Ashe so ya shiga. To ko shi kaɗai ya rage namiji a Zamfara, ba ni ba shi ke."

A wurin zaman ba a bar Zayyanu ya kai ƙarshen magana ko ɗaya ba. Hamida ta miƙe, ta ɗauki kara ta sake jan da'irorin.

"Ni na goge, ni zan maida. Manoma nan, masu kiwo can."

Dattawa suka fara matsawa suna gunaguni. Alhaji Labbo ya tsaya a waje, fuska a murtuke.

"Ga gonar gero, ga shanuna a Jangeru. Ni ina kika son in tsaya?"

"Tsakiya, Baba. Shi ne kiran da na hana shi yi."

Ya daɗe kafin ya taka. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka bi shi, har tsakiyar ta kasa ɗaukarsu, tsofaffi suna taka ƙafar juna. Ba wanda ya sake zancen kora.

Alhaji bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Sai bayan an yanke gero ya tare Zayyanu a ƙofar masallaci.

"Ka turo magabatanka. Na gaji da ƙarar wayar ɗiyata."

Ranar ɗaurin aure, manoma da makiyaya suka cika ƙofar gidan suna sa albarka, Allah ya ba da zuri'a ta gari. Wayar amarya ta yi ƙara.

"Goge-gogena, yau kam kin bar ni na ƙare."

Ta share hawaye, ta rubuta: "Sunan nan ban yafe ba, Malam Da'ira. Amma tsakiyar nan, ni da kai har abada."