Takin Kufai

Bayan la'asar sakaliya Abdulkabir ya ɗora wa jakinsa mangala ya nufi kufai, tsohon mazaunin garinsu. Gonarsa ta gaji. Bara dami tara ta ba shi, ga baki goma a gida. Mahaifiyarsa, Inna Aishatu, ta ce masa ba a ɗibar ƙasar kufai, ko tafasar wurin ba a ci. Ya nemi dalili, ta ce haka ta tarar. Shi kuwa uban kunnen ƙashi ya ce ai kowa ya san ƙarancin ruwa ne ya tashi kakanni daga can, kuma juji taki ne, ba kabari ba. Mangala shida ya riga ya zube a gona. Wannan ta bakwai.

Ƙasar baƙa ce wuluk, da maiƙo, tana manne wa shebur. Ya tono tsingaro ya jefar, ya ci gaba da haƙa.

Sai wari.

Ba na taki ba. Irin na gyambon da aka ɗaure da tsumma aka manta. Ƙudaje suka taso daga ramin, ga shi rana ta faɗi. Jaki ya kafe yana huci. Can nesa a gari aka soma kiran magariba.

A bayansa wani ya yi tari, jiƙaƙƙe, na wanda ya daɗe a kwance.

"Kun dawo?"

Muryar a ƙasa take, daidai idon sawunsa. Bai waiwaya ba.

"Muhammadu Sani, kwana uku fa kuka ce."

Sunan kakan mahaifinsa ke nan. Ya nemi addu'a a bakinsa ya rasa. Ya ji ana jan ciki ana matsowa, kuma ba mutum ɗaya ba. Wata tana roƙon ruwa a hankali.

Hannu ya kama ƙafarsa. Da ɗumi. Duk ƙuraje, suna fashewa a fatarsa ɗaya bayan ɗaya.

"Buɗe mana ƙofar."

Ya fizge. Takalmi ya zauna a can, jaki ya yi nasa wuri.

A zaure ya durƙusa ya yi ta kelaya amai. Inna Aishatu ta dubi ƙafar, ta kawo toka da ruwan zafi ta dirje ta, sannan ta yi magana. Ta ce ba ruwa ne ya tashi kakanni ba, cutar agana ce. Masu lafiya suka tara marasa lafiya a ɗaki guda, har da iyayensu, suka yaɓe ƙofar da laka. Suka ce za su dawo da magani, suka zo nan suka kafa gari.

"Masu yaɓe ƙofar nan su ne kuke wa kirari ranar suna," ta ce, ta tofar da yawu.

Gero kuwa ya yi a shekarar, kowace zangarniya kamar damtse, amma ko tsuntsu bai sauka a gonar ba. Da ya bushe Abdulkabir ya murza guda ya sansana, ya ji warin nan na kufai. Ya tattara shi kaf ya cinna masa wuta, ya koma ƙodago a gonakin mutane don ci da gidansa.

Hayaƙin ya bi gari lungu-lungu. Dattawa na zaune a gindin dalbejiya, suka toshe hanci da bakin riga. Babu wanda ya tambaye shi dalili.