Ganyen Malam Sumana

"Kai ka zana wannan ko ba kai ba?"

Hamsatu ta wurga masa takardar a ƙirji. Halidu ya tsugunna ya ɗauka, ya kasa haɗa ido da ita.

"Hamsa, sanyin idona, ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara ce mini sanyin ido!"

Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, gwamnati na haɗa littafin itatuwan magani, Halidu ne mai zana su a biro, wato ofishin gwamnati, a Yamai. Ita kuwa ɗiyar Malam Sumana ce na ƙauyen Goudel, mai maganin saran maciji, wanda bai taɓa nuna wa bare ganyensa ba. So ya kwashe ta, ta kai Halidu bakin gulbi ta nuna masa, ya rantse daga shi sai Allah. Saura wata guda a ɗaura musu aure.

Sa'adatu, ɗiyar baffanta mai buga takardu a biron, ta daɗe da sa ido a kan Halidu. Ita ta kawo takardar gwajin littafin har gida, ta miƙa wa tsohon tana wani tausayin ƙarya. Daga hannunsa Hamsatu ta karɓe ta.

Sai ga Malam Sumana ya fito daga zaure, Sa'adatu na biye da shi.

"Baba, wallahi ban tona sirrinka ba," in ji Halidu. "Mushe, shugaban bironmu, ne ya ce ko in kawo ganyen Goudel ko in bar aiki. Ka duba da kyau! Naka ganye biyar ne a reshe, ni bakwai na zana. Babu mai gane shi."

Har murmushi ya yi, wai shi mai dabara.

Hamsatu ta fizge takardar ta ƙirga. Bakwai.

"Halidu... ka san mai ganye bakwai ɗin?"

"Ai babu shi, daga kaina na ƙago."

"Akwai shi! Gefen namu yake tsirowa. Akuya ma ba ta cinsa ta kwana!"

Sa'adatu ta ja baya sumui-sumui.

"Wannan littafin ƙauye-ƙauye za shi," in ji Hamsatu, hawaye na zubo mata. "Uwa ta ga maciji ya sari ɗanta, ta bi zanenka ta jiƙa masa ajalinsa da hannunta!"

Malam Sumana ya shiga ciki, ya fito da ɗanyen reshe.

"Gadon kakana ne. Amma gara ya zama na kowa da a ce sunana ya kashe rai. Zauna ka zana gaskiya."

Hamsatu ce ta riƙe masa reshen. Tana kallon yatsun nan da ta fi so a duniya suna bin jijiyar ganye ɗaya bayan ɗaya, zuciyarta na ƙuna. Har yanzu tana sonsa, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Da ya gama ta ƙirga a fili. Biyar.

"Kin yafe mini, Hamsa?"

Ta zare zoben azurfar da ya ba ta, ta aza a kan zanen.

"Ya yi kyau, Halidu. Ka danne shi da wannan, kada iska ta ɗauke."