Rasit Uku a Cikin Littafin Lissafi

Mun yi mota. Wallahi mun yi mota, tana nan tsaye a ƙofar gida yanzu haka. Ku bari in ba ku labarin tun daga farko, don saura kaɗan in ɓata komai.

Dada, wato babana, tuffa da zabibi yake kaiwa kasuwar garin Isfara daga ƙauyenmu. Tsohuwar motarsa ta mutu a kan hawan dutse. Bakanike ya ce ko kyauta ba ya so. Sai aka sayar da saniyarmu da ɗan maraƙinta. Ran nan Ocha, mamata, ta wanke bokitin tatsa ta kife shi.

Kuɗin mota ɗaya ne rak, ita ma tsohuwa. In aka yi zaɓen banza, babu wata saniyar da za a sayar.

Maƙwabtanmu biyu ne suke son sayar da motocinsu na ɗaukar kaya. Duk Amak muke ce musu, wato kawu. Ta Amak Zokir fara ce, dizal take sha. Ta Amak Hoshim shuɗiya ce, da iskar gas take tafiya, irin ta tukunyar girki. Rana ɗaya suka zo gidanmu, Ocha ta kawo musu shayi da gurasa.

"Je ka gidan mai ka karanta allo," in ji Amak Hoshim. "Litar gas kusan rabin kuɗin dizal ce."

"Rabin kuɗi, amma taka ba ta ƙoshi," in ji Amak Zokir. "Inda tawa za ta sha lita goma, taka sai ta shanye goma sha bakwai. Halin mai ita ta ɗauko, in ya zauna gaban farantin osh, shinkafar nan mai nama."

"Gara tawa da ci. Taka in ta tashi, kaji ma daina ƙwai suke yi."

Dada ya yi dariya ya ce, "Ku bar musu. Kowa ya ba ni tasa mako guda. Hanya ɗaya, kaya ɗaya. Wadda ta fi sauƙin ci, ita zan saya."

Ya ɗauko gwangwanin shayi wanda babu komai ciki ya miƙo min.

"Duk rasit ɗin da aka ba ni a gidan mai, nan zan jefa. Ke za ki haɗa mana, 'yata. Ba ke ce ta ɗaya a lissafi ba?"

Na rungume gwangwanin kamar an ba ni kyautar makaranta.

Makon farko aka gwada fara. Ranar Asabar na bi Dada kasuwa. Ƙara kamar injin niƙa, kujera sai rawa take, haƙorana na haɗuwa. In Dada zai yi min magana sai ya ɗaga murya.

Mako na biyu aka gwada shuɗiya. Ita tana da wani hali. In gari da sanyi, ba ta tashi da gas. Sai an tayar da ita da fetur, ta yi ta ci har inji ya yi zafi, sannan Dada ya danna wani ɗan maɓalli ta koma gas. Amma in ta koma, shiru kake ji. Muna gangarowa daga dutse sai na ji Dada yana waƙa a hankali. Rabon da in ji yana waƙa tun ranar da aka tafi da saniya. Na yi lamo a kujera, ban ko motsa ba, kada ya daina.

A nan na ce a raina, shuɗiya za mu saya.

Ranar Lahadi bayan azahar na zazzage gwangwani. A kuɗinmu na somoni, dizal ya ci ɗari biyar da sittin. Gas ya ci ɗari biyar da ashirin. Na fara murna. Sai ga wasu ƙananan rasit guda uku, na fetur, talatin-talatin. Na haɗa. Shuɗiya ta koma ɗari shida da goma.

Na sake haɗawa. Haka dai.

Na duba dama, na duba hagu. Ocha tana murza ƙullu a tsakar gida. Na ɗauke rasit ukun na cusa a littafin lissafina. Na ce ai fetur ba gas ba ne, ba shi aka ce a gwada ba. Amma na san ba gaskiya ba ce.

"Shuɗiya ta fi sauƙi da arba'in," na gaya wa Dada.

Ya shafa kaina. Bai ko dubi takardar ba. Ya aika wa Amak Hoshim cewa ranar Juma'a zai kawo kuɗi.

Da yamma Amak Zokir ya zo, ina shara a bakin ƙofa.

"A wannan sanyin?" ya ce. "Ka sa kuɗin fetur kuwa?"

"Duk rasit na jefa a gwangwani," in ji Dada. "'Yata ta haɗa. Ita ba ta yi min ƙarya."

Amak Zokir ya dube ni, na sunkuyar da kai na ci gaba da share wurin da na riga na share.

"Shi ke nan," ya ce. "Jibi zan kai ta kasuwar motoci ta birnin Khujand."

Abincin dare bai shiga ba. Ocha ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne.

Washegari a makaranta, da aka tashi tara, na tsaya wajen Malama Gulbahor.

"Malama, ina da tambaya. In mutum yana asarar somoni hamsin duk mako, da yawa ne?"

"Har mako nawa?"

"Duk lokacin sanyi."

"Sanyinmu wata biyar ne. Mako ashirin kenan. Yi da kanki."

"Dubu ɗaya," na ce. 

"Ya fi kuɗin buhun fulawa uku. Kuma duk shekara." Ta cire tabaronta ta dube ni. "Wannan tambayar, a littafi take ko a gida?"

Sai kuka. Na buɗe littafin na nuna mata rasit ɗin, na gaya mata komai. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ba ni hankicinta.

"An biya kuɗin?"

"Sai Juma'a. Amma fara gobe za a tafi da ita."

"To me kike yi a nan? Ana tashi, ki wuce gida kai tsaye."

Da gudu na je. Na samu Dada a ɗakin ajiya yana ware tuffa, masu tabo gefe, masu kyau gefe. Na ajiye rasit ukun a kan akwati.

"Dada, na ɓoye waɗannan. Fara ce ta fi sauƙi, da hamsin."

Ya ɗauka ya karanta ɗaya bayan ɗaya. Ya ninke su a hankali. Da ya yi min tsawa ma da ya fi min sauƙi.

"Mantawa kika yi?"

"A'a. Da gangan."

"Don me?"

"A cikin shuɗiya kana waƙa," na ce.

Ya zauna a kan akwati. Ya jawo ni kusa, hannunsa sai ƙamshin tuffa.

"Ya 'yata. Da kin faɗa min haka da bakinki, da na ji, mu tattauna. Amma kin sa lissafi ya yi ƙarya, ni kuma na tsaya gaban dattijo na ce ba kya min ƙarya."

"Ka yafe min, Dada."

"Na yafe. Amma ba ni kaɗai kika ɓata wa ba. Sa takalminki."

Muka fara zuwa gidan Amak Zokir. Har ya wanke motar, yana goge madubi don tafiyar gobe. Dada ya ce, "Yi magana." Na faɗa, kaina a ƙasa.

"Na sani tun jiya," in ji Amak Zokir. "Wa ke share wuri ɗaya sau uku?" Ya jefo min tsumman. "Ƙarasa goge madubin, tunda taku za ta zama."

Gidan Amak Hoshim ya fi wuya, don Dada ya riga ya ba shi magana. Na ga kunnuwan Dada sun yi ja yana ba shi haƙuri, duk saboda ni. Amak Hoshim ya ɓata rai.

"Da zafi fa? Da zafi tawa ba ta shan fetur sai ɗan kaɗan. Tawa ce ke cin gasa."

"Gaskiya ne," in ji Dada. "Amma da zafi ina cikin lambu, mota hutawa take. Jigilata ta sanyi ce, kuma kan dutse."

Amak Hoshim ya sosa ƙeya. Can ya ce akwai ɗan ƙanwarsa a cikin gari, kusa da gidan gas, da ya daɗe yana nacin motar. Ya nuna ni da yatsa.

"Duk ƙauyen nan ke kaɗai kika san darajar motata. Amma ɓarauniyar rasit ce ke. Maza karɓi alewa ki ɓace min."

Jiya bayan masallaci Dada ya biya kuɗi ya shigo da fara. Maƙwabta suka taru, Ocha ta raba alewa. Bibi, kakata, ta fito da kaskon turaren ganye tana zagaya motar tana addu'a. Dada ya tayar da inji, hayaƙi ya yi bul a fuskarta.

"Wannan ba ta buƙatar turarena," in ji Bibi tana tari. "Da nata ta zo."

Kowa ya yi dariya, har Ocha, har da riƙe ciki. Dada ya buɗe ƙofar gaba ya ce Ocha ta shiga, ni a tsakiya, Bibi ta ce ita ƙafarta ta ishe ta. Muka zagaya ƙauye sau biyu, yara na bin mu da gudu. A hanya Dada ya ce in Allah ya yarda, da ribar sanyin nan za a fara tara kuɗin maraƙa. Ocha ta kama hannuna ta matse.

Ni dai ga abin da na koya. In an ba ka amana, ka faɗi abin da ka gani, ko da ba shi kake so ba. In kuma kana son abu, ka buɗe baki ka roƙa. Wanda ya yarda da kai ba zai duba takardarka ba, shi ya sa dole abin da ke cikinta ya zama gaskiya.